Maganaɗisu, Mai Tsintar Allura

Sau nawa allura ta faɗi cikin yashi, muka yi ta lalube, muna tsoro kada yaro ya taka? Mu ja maganaɗisu bisa ƙasa, sai ta yi tsalle ta manne masa.

Ga dalili. Cikin baƙin ƙarfe akwai ƙananan sassa masu ƙarfin ja, kowanne yana fuskantar nasa gefe. Da maganaɗisu ya matso, sai su jeru su fuskanci gefe ɗaya, allurar ma ta zama maganaɗisu. Amma ba ya jan zinariya, ko azurfa, ko tagulla.

Iyaye, mu lura. In yaro ya haɗiye ƙanana biyu, suna iya kama juna su huda hanji. Mu kai shi asibiti nan da nan.