Daga Wuƙa Zuwa Allura: Yadda Maganin Yawan Gumi Ya Sauya

Akwai gumin zafi, akwai na aiki, akwai kuma wanda ba ruwansa da yanayi. Mai wannan larura ko a tsakiyar hunturu tafin hannunsa tsattsafo yake yi: takardar jarrabawa ta jiƙe, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi shi, kafin ya miƙa hannu a gaisa sai ya goge a jikin riga. Galibi tun yarinta ko lokacin balaga take farawa, a tafin hannu, tafin ƙafa, hammata ko fuska, dama da hagu a tare, kuma tana lafawa idan an yi barci. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa kashi 4.8 cikin ɗari na Amurkawa suna fama da ita.

A shekarun 1990 tiyata ake yayi. Likita kan shiga ta gefen ƙirji da 'yar kyamara, ya datse jijiyar da ke kai wa hannu umarnin fitar da gumi. Hannu kam yana bushewa, nan take ma. Sai dai jiki ba ya haƙura: gumin kan ɓulla a gadon baya, ciki da cinyoyi, ga wasu har ya fi na da muni, jijiyar da aka yanke kuwa ba a mayar da ita yadda take. Ƙorafi ya yi yawa har aka dakatar da aikin a Suwidin a 2003, Taiwan kuma ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 20 a 2004.

A wannan shekara ta 2004 ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Botox don gumin hammata. Allurar na tare saƙon da jijiya ke aika wa maɓuɓɓugar gumi, mutum ya samu sa'ida ta kusan wata shida. Daga nan aka samu miraDry a 2011, na'urar da ke ƙona maɓuɓɓugan da zafi, sai ƙyallen shafawa na Qbrexza a 2018, da man Sofdra a 2024.

Babban dalilin wannan sauyi, a ganina, tsoron abin da ba a warware shi ne. Allura ko mai idan bai karɓe ka ba, ka daina, shi ke nan. Amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba: maganin da ake komawa saye duk wata ko duk rabin shekara ya fi kawo wa kamfani riba. Mara lafiya ya tsira daga wuƙa, ya zama abokin ciniki na dindindin.

Wani abin lura, duk waɗannan sababbin hanyoyi don hammata aka amince da su. Mai gumin hannu, wanda ya fi kowa shan kunya, an bar shi da tsofaffin hanyoyi. Akwai ruwan shafawa mai sinadarin alminiyam da ake sa wa busasshiyar fata da dare. Yana da arha, amma yakan sa ƙaiƙayi. Akwai tsoma hannu cikin ruwan famfo da ake ratsa shi da lantarki mai rauni, sau da yawa a mako tun farko. Ana yin Botox a tafin hannu, sai dai da zafi, kuma riƙo kan yi rauni na ɗan lokaci. Shi ya sa har gobe tiyata ba ta rasa masu nema ba.

A ƙasarmu, inda likitocin fata ba su da yawa kuma Botox sai mai hali, ƙwayoyi irin su oxybutynin ne suka fi sauƙin samu. Nan ne gizo ke saƙa. Ƙwayar ba ta san hammata daga goshi ba, jiki duka take busarwa: baki ya ƙafe, bayan gida ya yi tauri, fitsari ya yi wuyar fita. Gumi kuwa shi ke sanyaya jiki. Wanda ya rage shi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, balle yana aiki a rana ko yana azumi, ya kusanci bugun zafi.

Kafin a kai ga ko ɗaya cikin waɗannan hanyoyin magani, sai likita ya tantance irin gumin. Wanda ya fara wa babba kwatsam, ya game jiki, yana jiƙa shimfiɗa da dare, yana iya zama alamar tarin fuka, ciwon suga, matsalar maƙoƙo ko ɗaukewar al'ada, kuma gwajin majina ko na jini ake fara yi masa.