Lambobin matsayi a burauza

Lambobin matsayi a burauza su ne lambobi biyu, x da y, da ake nuna wuri da su a kan allo ko a cikin shafin yanar gizo. Ana fara ƙirgawa daga kusurwar sama ta hagu: x na ƙaruwa zuwa dama, y kuma na ƙaruwa zuwa ƙasa, saɓanin zanen lissafin makaranta inda y ke hawa sama. Wuri ɗaya yana iya samun lambobi daban-daban, gwargwadon inda aka fara awo. Kundin CSSOM View na ƙungiyar W3C ne ya tsara ma'anarsu.

Ire-iren awo

Idan mutum ya danna linzamin kwamfuta, burauza tana ba JavaScript matsayin ta hanyoyi da dama. screenX da screenY daga kusurwar allo suke farawa. clientX da clientY suna farawa daga filin kallo, wato ɓangaren tagar da shafi ke bayyana a ciki. pageX da pageY kuwa daga farkon shafin kansa suke ƙirga, har da abin da aka gungura aka wuce.

Juyawa daga wannan zuwa wancan

Tsakanin filin kallo da shafi lissafin mai sauƙi ne: a tara clientY da scrollY, sai a sami pageY. Idan an gungura shafi fiksil 1500 aka danna a clientY 200, wurin yana pageY 1700. Mantawa da wannan tarawar ne ke sa akwatin bayani ya fito daidai a saman shafi amma ya ɓace can sama da zarar an gangara, domin getBoundingClientRect da elementFromPoint duka da awon filin kallo suke aiki. A shafukan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, kamar na Larabci da ajami, scrollX na iya sauka ƙasa da sifiri.

Daga allo zuwa shafi ne wahalar take. window.screenX yana nuna gefen tagar burauza ne, ba farkon filin kallo ba, kuma tsakaninsu akwai layin adireshi da maɓallai. Wasu na cire innerHeight daga outerHeight don kimanta wannan tazara, amma lissafin yana rushewa idan akwai wani abu a ƙasan taga. Firefox tana da mozInnerScreenX da mozInnerScreenY, sai dai nata ne ita kaɗai. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki screenX da clientX daga dannawa guda a cire ɗaya daga ɗaya.

Girman fiksil

Fiksil ɗin CSS ba lallai ya zama ɗigo ɗaya na allo ba. A iPhone 4, wadda ta fito a 2010, ɗigo biyu ne a tsaye biyu a kwance. devicePixelRatio ke nuna wannan rabo, kuma a kwamfuta yana sauyawa idan aka ƙara girman shafi. Tor Browser ma da gangan take ɓoye ainihin matsayin taga a kan allo, don kada shafuka su gane mai ziyara ta hanyarsa.