Koyon Turanci: Kalmar "Expect" Da Yadda Ake Aiki Da Ita

Kowace shekara kafin damina ta faɗi, hukumomi biyu na gwamnatin tarayya kan fitar da sanarwar da ta shafi manoman ƙasar Haɗejia. Ta farko ita ce NiMet, mai kula da yanayi, wadda ke faɗin lokacin saukar ruwan shuka da lokacin ɗaukewarsa. Ta biyu kuwa NIHSA ce, mai lura da koguna, wadda ke ambaton ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Da Turanci ake rubuta ainihin waɗannan takardu. A cikinsu akwai wata kalma da ke yawan fitowa, wato "expect". Wannan kalma dai ita ce kuma ake gani a katin awon ciki, da takardar makarantar yara, da wasiƙar banki. Saboda haka ya kamata duk wanda ya fara iya karatu ya san ta.

Ana furta ta "ikspekt", a ƙarfafa murya a kan gaɓa ta biyu. Ma'anarta ita ce sa rai, ko tsammani. Asalinta daga harshen Latin ne, inda take nufin leƙawa waje ana hangen abin da ke tafe. Dattawan Birniwa sun san irin wannan hange. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, fasinja kan tsaya a tashar Birniwa yana duban yamma. Bai ga jirgi ba tukuna, amma yana da dalilin cewa zai zo, don ranar zuwansa ce. To, wannan shi ne "expect": sa rai mai dalili.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo sunan abin da ake tsammani nan take bayan kalmar. "We expect rain" na nufin muna sa ran ruwa. "I expect a letter" kuwa, ina tsammanin wasiƙa. A lura, ba a saka komai a tsakani. Wasu kan ce "expect for rain", wannan kuskure ne. Kalmar jira, wato "wait", ita ce ke tafiya da "for".

Idan kuwa aiki ne mutum yake sa ran yi da kansa, sai a saka ƙaramar kalmar nan "to" kafin aikin. Manomin riɗi zai ce "I expect to harvest in October", wato ina sa ran yin girbi a watan Oktoba. In wani ne zai yi aikin, sai sunansa ya shiga tsakiya. "I expect Musa to come on Friday", ina sa ran Musa zai zo ran Juma'a. Ana kuma iya kawo magana cikakkiya bayan "that". "We expect that the river will rise", muna tsammanin cewa kogi zai cika. Wannan "that" daidai take da "cewa" ta Hausa, kuma kamar yadda Bahaushe kan bar "cewa" in ya so, haka Bature ke barin "that".

Amma sigar da ta fi muhimmanci ga mutumin karkara ita ce "is expected". Da ita ma'aikatan gwamnati suka fi rubutu, domin ba ta faɗin wanda ke tsammanin. Hausarta ita ce "ana sa ran". Misali, "Heavy rain is expected in August", ana sa ran ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Ko kuma "Flooding is expected along the Hadejia River", ana tsammanin ambaliya a gaɓar Kogin Haɗejia.

A nan ne mutane kan ruɗe, ta hanya biyu. Wani in ya ji an fassara masa da "ana sa ran ambaliya", sai ya ce to, wa ke sa ran masifa? Dalili shi ne a Hausa an fi cewa sa rai ga abin alheri. A Turanci kuwa "expect" ba ruwanta da so ko ƙi. Ana faɗinta ga albarkar gona, ana faɗinta ga fari da ambaliya. Kalmar fata daban take, ita ce "hope". Mutum na iya cewa "I hope the river will not rise, but I expect it will", wato ina fatan kada kogi ya cika, amma ina tsammanin zai cika. Zuciya ke fata, alamu ke sa tsammani. Shi ya sa in abin ba na daɗi ba ne, ya fi kyau mai fassara ya ce "ana tsammani" ko "ana hasashe".

Wani kuma sai ya ce ai tsammani ne kawai, ba tabbas, ya juya ya ci gaba da harkarsa. Gaskiya ne ba tabbas ba ne, gobe ta Allah ce. Amma "is expected" ta fi "may" nauyi nesa ba kusa ba. "Flooding may occur" na nufin mai yiwuwa ne a yi ambaliya. "Flooding is expected" kuwa na nufin masu awo sun duba, sun ga zuwanta ya fi rashin zuwanta ƙarfi. Mutanen wannan yanki sun san inda ruwan nasu ke fitowa. Yawancinsa daga ƙasar Kano yake gangarowa, inda aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. In damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika, ruwan da ya wuce su ta Wudil da Ringim zai biyo har Haɗejia. Ga kuma kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama a fadamar, sai ruwan ya bi gonaki. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ruwan yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake kwashe hatsi daga rumbun da ke kwari, a kai dabbobi tudu, a ɗaure takardun gida a leda.

Akwai wata 'yar'uwar wannan kalma da ke ɗauke da ma'anar shiri, ita ce "anticipate". Ita ma tsammani ce, amma sau da yawa tare da yin tanadi tun kafin abin ya zo. "The farmers anticipated the flood" na iya nufin manoman sun hango ambaliyar, suka shirya mata. Ba ta karɓar "to" a bayanta. Sabon mai koyo ya gane ta in ya gan ta, ya ishe shi.

Yanzu sai wasiƙun ofis. In takarda ta zo daga makaranta ko daga ƙaramar hukuma ɗauke da "You are expected to", to, a yi hattara. Wannan ba tsammani ba ne, umarni ne cikin ladabi. "Parents are expected to attend the meeting" na nufin wajibi ne iyaye su halarci taron. "You are expected to repay the loan in December" na nufin lallai ka biya bashin a watan Disamba. Wanda ya karanta wannan ya ɗauka cewa banki fata kawai yake yi, zai sha mamaki in wata ya kama. Kamar dai uba ne ya ce wa ɗansa, "Ina sauraronka bayan Magariba." Ɗan kirki ya san ba shawara aka ba shi ba.

Mata ma suna da rabonsu a wannan kalma. In Bature ya ce "She is expecting", ya yi shiru bai ƙara komai ba, yana nufin tana da juna biyu. Kunya ce irin tasu, kamar yadda Bahaushe ke sakaya maganar. A katin awo kuma akwai haruffa uku, EDD. Suna nufin "expected date of delivery", ranar da ake sa ran haihuwa. Ma'aikaciyar asibiti kan ƙirga kwana 280 ne, wato mako 40, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Ko 1 cikin 10 na jarirai ba sa zuwa a ainihin wannan rana. Yawanci sukan riga ta ko su bi bayanta da 'yan kwanaki, har mako biyu. Don haka maigidan da ke ƙauye nesa da asibiti kada ya jira sai ranar da ke kan kati kafin ya nemi kuɗin mota da wanda zai raka ta. Tun saura mako 3 ya kamata komai ya kammala.

In abin ya riga ya wuce, sai a ƙara "ed" a ƙarshe. "We expected rain yesterday", jiya mun sa ran ruwa. In an ga "un" a gaba, ma'ana ta juya: "unexpected" shi ne abin da ya zo ba zato ba tsammani.

Saura wata kalma mai kama da ita kamar tagwaye, wato "except". Haruffansu 6 iri ɗaya ne, wuri kawai "p" da "c" suka sauya. Amma "except" na nufin "ban da". A ce an liƙa takarda a ƙofar asibiti mai cewa "Open every day except Sunday". Ma'anarta a buɗe yake kullum ban da Lahadi. Wanda ya karanta da gaggawa ya ɗauka "expect" ce, sai ya ce ana sa ransa ran Lahadi, ya hau babur tun daga ƙauyensu ya tarar da ƙofa a kulle. Dabarar ita ce a ɗora yatsa a kan harafi na uku. In "p" ne, tsammani ne. In "c" ne, ban da ne.