Makarantar da Ke Bin Ɗalibanta Cikin Dajin Bukit Duabelas

Gandun dajin Bukit Duabelas yana lardin Jambi na tsibirin Sumatra a ƙasar Indonesiya, kuma a shekarar 2000 ne gwamnati ta keɓe shi, da faɗin kimanin hekta 60,000, domin ya zama mafaka ga tsirrai da namun daji da kuma al'ummar Orang Rimba, wato "mutanen daji", waɗanda suka gaji zama cikinsa tun kaka da kakanni. Kafin keɓewar, masu saran katako da manyan gonakin kwakwar manja sun riga sun cinye yawancin dajin da ke kewaye, kuma sau da yawa ana karɓe filayen mutanen ne ta hanyar sa su dangwala yatsa a kan takardun da ba su san abin da ke cikinsu ba. Wannan ne ya sa dattawansu suka daɗe suna kallon alƙalami a matsayin shaiɗani mai tsinin ido.

A cikin wannan hali ne Butet Manurung, wadda ta karanci ilimin al'adun ɗan Adam, ta fara koyar da yaran Orang Rimba a 1999 ƙarƙashin ƙungiyar Warsi, sannan a 2003 ita da abokan aikinta suka kafa makarantar Sokola, aikin da ya kai ta ga samun lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 2014. Tsarin makarantar ya bi rayuwar ɗaliban sau da ƙafa: malami yakan fara koyon harshensu, ya zauna tare da su, ya koyar a rumfa ko gindin bishiya bayan yara sun dawo daga duba tarko. Idan aka yi rasuwa, mutanen sukan bi al'adar melangun, wato barin matsuguni a yi nisa na tsawon watanni har baƙin ciki ya lafa, malami kuma yakan naɗe allonsa ya bi su.

Batun kiyaye daji kuwa ba baƙo ba ne ga waɗannan yara, domin kowannensu yana da alaƙa da itatuwa tun ranar haihuwarsa: ana binne mabiyiyarsa a gindin itacen sentubung, ana kuma danganta sunansa da itacen tenggeris, kuma sare ɗayansu babban laifi ne da al'ada ta tanadar wa tara. Haka ma dogayen itatuwan sialang, inda ƙudan zuma ke ɗaura saƙa, suna da masu su da dokokin hawansu. Abin da makaranta ta ƙara musu shi ne karatu da rubutu da lissafi, ta yadda yaro zai iya duba sikeli idan an kai roba ko zuma kasuwa, ya karanta wa ubansa yarjejeniya kafin a dangwala yatsa, ya kuma fahimci dokar gandun da ta raba dajin shiyya-shiyya.

Wasu daga cikin ɗaliban farko sun zama malamai, wasu kuma suna zana taswirar maƙabartu da wuraren haihuwa da itatuwan zuma, suna gabatar da ita ga hukumar gandun a duk lokacin da ake shawarar inda za a hana shiga da inda za a bari a yi noma da farauta.