Shamuwa Ba Ita Ke Kawo Ruwa Ba

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Adar ya san in shamuwa ta sauka kan gawo ko tsamiyar bakin gari, damina ta kusa. Amma ba wanda zai ɗaure shamuwa a Kaita don a samu ruwa. Tare suke zuwa, shi ke nan. Wannan ɗan bambanci shi ne ke shige wa mutane duhu idan aka kawo musu sakamakon bincike kan ɗalibai.

A 2009, Aryn Karpinski ta jami'ar jihar Ohayo a Amurka ta yi wa ɗalibai 219 tambayoyi, ta ga masu amfani da Facebook sun fi ƙarancin maki. Jaridu suka yi ca: Facebook na kashe karatu! Alhali ita da bakinta ta ce binciken bai nuna wanne ya jawo wanne ba.

Ma'aunin da masana ke aiki da shi don auna irin wannan alaƙa, wanda Karl Pearson ya daidaita, yana tashi daga -1 zuwa +1. Iyakarsa ya gaya maka yadda abu biyu ke hawa ko sauka tare. Dalili kuwa, ba ruwansa.

A ce yau an bincika a jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, aka ga masu fashin darasi su ne ke faɗuwa jarrabawa. Sai a ce lalaci ne? Duba yaron nan na wani ƙauyen Buza: uba ya tafi cin rani, kuɗin burs bai fito ba, ya koma gida taya ƙanne noma, ko ya nufi Madawa ɗaukar buhunan albasa don kuɗin haya. Talauci ne ya fitar da shi daga aji, shi ne kuma ya hana shi sayen takardun darasi. Fashin da faɗuwar ƴaƴan uwa ɗaya ne.

Wani sa'in ma abin a juye yake: sai da makin ya zube, zuciya ta karaya, sannan ɗalibi ya dinga kwana kan waya.

Kuma a binciken na Tawa, wa aka tambaya? Waɗanda suka tsallake jarrabawar BEPC da ta BAC kaɗai. Yarinyar da aka cire daga kolej aka yi mata aure, takardar tambayoyin ba ta taɓa isa hannunta ba.