JIRGIN SAMA MAI SAUKA A KAN ƘANƘARA

A tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan akwai wani dutse da a ke kira Aoraki, Turawa kuwa suna ce masa Dutsen Cook. Tsawonsa ƙafa 12,218, ya fi kowane dutse na ƙasar. A gefensa na gabas akwai wani abin mamaki wanda masu labarin ƙasa ke kira kogin ƙanƙara, watau dusar ƙanƙara ce wadda ta yi ta zuba shekara da shekaru ba ta narke ba, ta danne juna har ta daskare, tana gangarowa cikin kwari sannu a hankali. Sunan wannan kogi Tasman, tsawonsa yanzu wajen mil 14.

Mutanen ƙasashen sanyi suna da wani wasa na zamiya. Mutum ya kan ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, waɗanda su ke kira siki, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga bisa tudu. Yawancinsu a wuraren da aka gyara su ke yi, inda akwai na'urar da ke jan mutum zuwa sama, da masu gadi, da ɗakin shan magani. Amma akwai waɗansu da ba su gamsu da wannan ba, su dusar da ba wanda ya taɓa takawa su ke so, can cikin duwatsu inda ba hanya. A da, wanda ya ke son ya sulalo daga kan Tasman sai ya yi tafiyar kwana biyu ko fiye, da kaya a baya, yana kwana cikin bukkokin masu hawan dutse. Yau ƙaramin jirgin sama ke kai shi cikin abin da bai kai rabin sa'a ba.

Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Harry Wigley, matuƙin jirgin sama wanda ya yi soja cikin Yaƙin Duniya na Biyu, mahaifinsa kuma shi ya kafa kamfanin motocin da ke kai baƙi gindin dutsen. Damuwarsa guda ce. Sa wa jirgi alluna a maimakon taya ba sabon abu ba ne, an daɗe ana yi a Kanada da Alaska, inda ƙasa duka ke rufe da ƙanƙara lokacin sanyi. To, amma filin da Wigley zai tashi yana cikin kwari, ciyawa ce da tsakuwa, inda zai sauka kuwa dusar ƙanƙara ce mai zurfi. Taya ta kan nutse a can, allo kuma ba ya gudu a nan. Sai ya yi ta gwaji, har ya ƙera alluna waɗanda a ke ɗagawa bisa taya lokacin tashi, in an kai sama a sauko da su ƙarƙashinta da hannu. Ran 22 ga Satumba, 1955, ya sauka a kan Tasman da wani ɗan jirgi ƙirar Auster, ya kuma tashi lafiya. Daga baya kamfanin ya koma ga jirage ƙirar Cessna, sa'an nan Pilatus Porter.

Hikimar allon ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san dalilin da raƙumi ba ya nutsewa cikin rairayi: faɗin tafin ƙafa ke raba nauyi. Abin da ke da wuya shi ne saukar kanta, nan kuwa ya kamata mu ɗan tsaya.

Allo ba shi da birki. Saboda haka matuƙi ya kan sauka yana fuskantar hawa, domin tudu ya tsai da shi, in zai tashi kuma ya fuskanci gangara. Ko ta ina iska ke busowa, gangaren ne ke da hukunci. Kafin gudu ya ƙare sai ya ƙara wuta ya juya jirgin, don in ya bari ya tsaya hanci na duban sama, juya shi sai an sha wahala da felu da igiya. In kuma jirgi ya daɗe a tsaye, allunan su kan manne da ƙanƙara, sai an girgiza fukafukai kafin su saki. Ga shi kuma iskar bisa dutse ba ta da kauri. Injin fetur irin na da, in ya kai ƙafa 8,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ya tafi, daidai wurin da a ke bukatarsa ƙwarai.

Ban da wannan akwai tsagogi. Kogin ƙanƙara yana tafiya, in ya zo kan gangare sai ya dare, ramin ya kan yi zurfin da zai haɗiye jirgi. Dusa ta kan rufe bakinsa, daga sama sai ka ga fili sumul. Dabarar matuƙa ita ce su taɓa ƙasa da allunan ba tare da tsayawa ba, su tashi, su kewayo su dubi sawun da suka bari. In ya lotsa, ko ya yi duhu alamar ruwa, sai su nemi wani wuri. Amma babban abokin gaba shi ne ranar da gajimare ya rufe rana. Inuwa ta kan ɓace, sama fari ƙasa fari, ido ba ya iya rarrabe tsawon ƙafa goma da ƙafa ɗari. Matuƙan Alaska su kan jefa rassan itace ko baƙaƙen buhuna su yi layi, don ido ya sami abin kamawa. Mai hankali kuwa juyawa ya ke yi ya koma gida.

A Turai, wani mutumin Suwizalan mai suna Hermann Geiger ya riga Wigley da shekara uku, ya sauka a kan ƙanƙarar Kander cikin watan Mayu, 1952. Shi ya fi shahara da ceto, ya kwaso ɗaruruwan mutane da suka ji rauni bisa duwatsu. Abin tausayi, ba a kan dutse ajali ya same shi ba, a filin jirgin garinsu Sion ne, inda jirginsa ya yi karo da wani cikin 1966.

To, wanda aka sauke a kan Tasman, me ya samu? Ya sami zamiya ta mil biyar ko shida ba yankewa, tsakanin tsagogi masu shuɗin launi da kogunan ƙanƙara, daga watan Yuli zuwa Satumba, watau lokacin da mu ke tsakiyar damina su ke tsakiyar sanyi. Ba mu ga laifin wannan ba. Dattijo da ba zai iya tafiyar kwana biyu ba ya ga abin da a da sai ƙarfafa ke gani. Amma a ganinmu akwai abin da jirgin ya ke ɗauke wa mutum wanda bai kamata a manta ba. Wanda ya hau da ƙafa ya san hanyar komawa, ya ga inda dusa ke zaftarewa, ya san inda bukka ta ke. Wanda aka sauke daga sama baƙo ne a tsakiyar wurin, in gajimare ya sauko bayansa jirgin ba zai dawo ba.

Haka ta faru ga waɗansu Amurkawa biyu masu hawan dutse, Bradford Washburn da Robert Bates, cikin 1937. Suna nufin Dutsen Lucania na ƙasar Kanada, wanda ba a taɓa hawa ba. Matuƙinsu Bob Reeve ya tashi da su daga Valdez ta Alaska cikin watan Yuni, kuma da ya ke ba ƙanƙara a garin lokacin, a kan taɓon bakin teku ya ke zame allunansa ya tashi. Da suka sauka a kan ƙanƙarar Walsh sai suka tarar zafi ya narkar da ita, jirgi ya kafe cikin caɓi. Kwanaki suka yi suna haƙa, kafin Reeve ya zubar da duk kayan da zai iya zubarwa ya tashi shi kaɗai da kyar. Bai iya komowa ba, abokan tafiyarsu biyu da aka bari a Valdez kuma ba su iso ba. Washburn da Bates suka hau dutsen cikin watan Yuli, suka sauka ta ɗaya gefen, suka yi tafiyar fiye da mil 100 da ƙafa, da yunwa da ƙetare koguna, kafin su kai ga mutane kusa da Tafkin Kluane. Su kuwa gwanaye ne, sun saba da wuyar dutse tun suna samari.

Don haka masu kai mutane Tasman su kan haɗa su da jagora wanda ya sami horo. Dokar masu shiga irin waɗannan wurare kuma ita ce kowa ya rataya wata 'yar na'ura mai aika sigina, ya ɗauki felu da sandar bincike, gama wanda dusa ta binne in ya wuce minti goma sha biyar ba a tono shi ba, begen samunsa da rai ya ragu ƙwarai, ba kuwa mai tono shi cikin wannan lokaci sai abokan tafiyarsa.

Akwai kuma masu ƙorafi. Mutumin da ya yi kwana biyu yana hawa don ya sami shiru ba ya murna da ƙarar inji bisa kansa, namun dutse ma su kan firgita lokacin da abinci ya yi musu ƙaranci. Faransa ta yi doka cikin 1985 wadda ta hana sauke masu shaƙatawa da jirgi bisa duwatsunta, sai a filayen da hukuma ta yarda. Suwizalan ba ta hana ba, amma ta ƙayyade wurare 40 kaɗai. Mun fi karkata ga dabarar Suwizalan, don matuƙin da zai je ceto yana bukatar wurin da zai koyi saukar kafin ranar bukata.

Malaman da ke da tsohuwar taswira a aji su lura, Tasman ɗin da Wigley ya sauka a kai ba shi ne na yau ba. Zafin duniya ya cinye ƙarshensa, tun wajen 1970 ruwa ya fara taruwa a gindinsa, yanzu ya zama tafki mai tsawon mil da yawa, inda a ke yawo da baƙi cikin kwalekwale tsakanin gutsattsarin ƙanƙara.