Yadda ake raya ciyawar filin golf a Fatakwal idan ruwan sama ya ɗauke

Fatakwal gari ne na ruwa. Abin da yake samu a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu. Duk da haka, daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan kan ja baya, hunturu ya busar da ƙasa. A wannan lokaci ne mazauna unguwanni irin su kewayen Kasuwar Creek Road ke ƙara dogaro da rijiyoyin burtsatse da 'yan garuwa. A lokacin ne kuma ciyawar filin golf na Port Harcourt Club, ƙungiyar da aka kafa a 1928, ta fi bukatar ban ruwa.

Wurin da ya fi wahalar da masu kula da irin wannan fili shi ne da'irar da ke kewaye da kowane rami. Ana aske ciyawarta har ta koma milimita 3 zuwa 5, domin ƙwallo ta gangara sumul. Ciyawar da aka aske haka saiwarta ba ta nisa, ƙasan da ke ƙarƙashinta kuma yawanci yashi ne, wanda ba ya riƙe laima.

Milimita ɗaya ta ruwa a hekta ɗaya daidai take da lita 10,000. Da'irori 18 na cikakken fili sukan kai kimanin hekta ɗaya. Idan rana da iska suka ɗebe milimita 5 a yini, sai an mayar da lita 50,000, wato jarka 2,000 mai cin lita 25.

Saboda haka ƙwararru kan raba fili gida-gida. Da'irorin ramuka ne ke fara samun ruwa, sauran fili kuma a bar shi ya yi ja. Ƙiri-ƙiri, ciyawar da aka fi shukawa a ƙasashe masu zafi, takan kwanta ne kawai da rani, ta farfaɗo da ruwan farko. Ana ban ruwa da asuba, kafin rana ta yi zafi, a ƙosar da ƙasa sannan a ba ta tazara, domin saiwa ta bi laima zuwa ƙasa. Ana kuma ɗaga bakin injin aski, a rage taki, a huda ƙasa don ruwa ya ratsa.

A garin da ke bakin teku akwai wani haɗarin. Yawan zuƙo ruwa daga burtsatse na iya janyo ruwan gishiri cikin na sha, wanda zai ƙona ciyawa, ya kuma lalata rijiyoyin maƙwabta.

Tsoffin filayen Arewa da dama sun kauce wa matsalar tun zamanin Turawa: maimakon ciyawa, sai a shimfiɗa yashi da aka cuɗa da baƙin mai a kewayen rami. Ba ya bukatar ruwa, sai dai man na gurɓata ƙasa.